Mita Uku Kawai, In Ji Malam

Tun da muka dawo London ban huta da tambaya ba. Anti Rakiya ta bugo waya daga Catford sau ban san iyaka, Maman Walid ta tare ni a bakin lif, ranar Juma'a kuma a masallacin Regent's Park ko takalmi ban gama sawa ba mata suka kewaye ni: yaya Ireland, ina tsarabarmu, an ce kin sha iskar teku. Ni kuwa ba na iya ba da labarin da baki, sai in ce lafiya lau in wuce. To ga shi na zauna na rubuta, wadda ta karanta ta miƙa wa 'yar uwarta. Abu ɗaya nake roƙo, a daina ce mini amaryar holiday. Wanda ya ce muku holiday muka je shi ne ya dawo da ɗinki a goshi da hannu a rataye, ku tambaye shi a wane otal aka yi masa.

Ga waɗanda ba su san aikin Malam maigidana ba, igiyar ruwa yake aunawa. Mutumin Gumel, wanda kafin ya hau jirgin sama bai taɓa ganin ruwan da ya fi na Tiga ba, shi aka turo ya karanci teku, wai don in za a gina tashar jiragen ruwa ko wurin haƙo mai a can Kudancin ƙasarmu a san iyakar tsawon da ruwa zai iya tashi. Suna da wani abu kamar ƙaton tulu na ƙarfe, rawaya, da eriya a kansa, sun ɗaure shi da sarƙa can cikin teku yamma da Ireland. Ruwa ya ɗaga shi ya sauke, shi kuma ya aiko da labari ta iska zuwa wani ɗaki a bakin gaɓa. Damuwar Malam ita ce tun da aka ɗaure tulun nan teku bai yi haukan da zai ishe shi rubuta kundin digirinsa ba. Duniya na roƙon Allah ya kiyaye, ni ina zaune da mai jiran bala'i ya zo.

Rannan ya shigo da yamma fuska kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Wai wata mahaukaciyar guguwa da ta gama ɓarna a wajen Amurka ta juyo, ragowarta na tahowa Ireland, har ya yi booking, gobe zai bi Farfesansa. Na ce ni dai ba zan zauna ni kaɗai a flat ɗin nan ba, kun san unguwarmu Thamesmead da dogayen lungunanta. Ya ce to taho mana, dama tun bazara ya yi mana biza mu biyu ba mu je ba. Ya ce shi aikinsa zama ne a ɗaki yana kallon na'ura, ko ƙafarsa ba za ta jiƙe ba. Da wannan alkawarin na haɗa kaya.

Na yi dafa-duka na zuba a kula, na ɗauki cincin da dambun naman da Hajiyata ta aiko mini daga Kano, wanda nake ta tattali. Bas ta makara kamar kullum, a guje muka shiga jirgin ƙasa a Euston. Da muka yi nisa na buɗe kular, ƙamshin daddawa ya cika taragon. Wata tsohuwa da ke gefenmu ta tashi ta sauya wuri tana toshe hanci, amma karenta ya ƙi bin ta, ya zauna a kujera yana kallon cokalina har na ƙoshi. Kare a kujerar mutane, ba wanda ya ce uffan, amma abincina shi ne laifi. Da muka shiga Wales sunayen tashoshi suka gagare ni karantawa, sai tumaki manya-manya a kan tuddai, ba makiyayi, ba kuma mai ɗauka.

Jirgin ruwan da muka hau a Holyhead ya fi ginin da muke ciki girma, da kanti a ciki, da darduma, har da injinan caca. Muna zaune a wurin cin abinci wani dattijo baƙi mai kwashe kwanuka ya ji muna Hausa ya tsaya. Ya dube ni ya ce, “Yarinya, kai Hausa ne? Ka fito ina?” Sai da na waiwaya in ga yaron da yake wa magana. Baba Seidu ke nan, ɗan zangon Kumasi. Ya kawo mini shayi, ya ce kada in ji tsoro, shi ya tsufa a kan ruwa, wannan ruwan ba shi da komai. Ba a jima ba kwanuka suka fara tafiya da kansu a kan tebur. Turawa na amai a cikin 'yan jakunkunan takarda, kowa ya yi sai ya ce wa na kusa da shi sorry. Dafa-dukata ta dawo gaba ɗaya. Da na ɗago kai sai na hangi Baba Seidu zaune dirshan a ƙasa, ya rungume ƙafar tebur yana salati, da muka haɗa ido ya sake ce mini ba shi da komai. Malam kuwa yana jikin taga da agogo a hannu, yana lissafin tazarar da ke tsakanin wannan igiya da waccan. Ko sannu sai da na roƙa.

A bakin shiga Ireland ma'aikacin ya ga koren fasfo ya ja mu gefe. Ya tambayi abin da ya kawo mu, Malam ya ce ya zo auna igiyar ruwa. Mutumin ya kira abokin aikinsa ya sa Malam ya maimaita, suka yi dariyarsu, ɗayan ya tambaya ko babu ruwa a ƙasarmu ne. Sannan suka buɗe jakata suka ga dambun nama, suka shinshina, suka ce ba a shiga da nama. Ina kallo aka jefa dambun Hajiya a kwandon shara. Malam ya ce in yi haƙuri, doka ce.

Farfesa na jiranmu a waje da wata tsohuwar mota, tare da wata ɗalibarsa mai suna Helen. Dogon tsoho ne, rigar sanyinsa duk ta huje a gwiwar hannu, a Kano ka gan shi sai ka ɗauka mai gadi ne. Ya miƙo mini hannu, na rusuna na gaishe shi. Ya ce in riƙa kiransa da sunansa kawai. Malamin mijina, sa'an babana, in kira sunansa gatsal? Na yi murmushi na sunkuyar da kai. Muka yi ta tafiya cikin ƙananan hanyoyi da katangun duwatsu har muka kai wani ƙauyen masunta da har yau ban iya faɗin sunansa ba. Abin da ya burge ni, duk wanda muka wuce sai ya ɗaga mana hannu, ba kamar London da maƙwabcinka zai gan ka ya kalli bango ba.

Gidan wata tsohuwa Nora muka sauka. Ita kam Bahaushiya ce aka yi wa farar fata: ta tambayi hanya, ta tambayi mahaifiyata, ta tambayi ko ina da ƙanne, ta ce na rame alhali ranar ta fara ganina. Ta sa mini wata jakar roba cike da ruwan zafi a cikin bargo. Na ce kai, matar nan ta san darajar baƙo, har ruwan alwala ta tanada, da asuba na juye shi na yi alwalata da ɗuminsa. Da ta ga jakar wayam na yi mata bayani ta yi dariya har da riƙe ƙofa, wai na ɗumama ƙafa ne. Daga ranar, jaka biyu take sa mini. Abincin safe kuwa naman alade ne da wani baƙin abu da aka ce da jini ake yi. Na ce ba ma ci, ba ta ji haushi ba, ta koma ba mu kifi da dankali, safe da rana da dare, ba yaji ko na magani.

Ɗakin aikinsu ɗan ƙarami ne a kan tudu. A ciki akwai na'ura mai naɗin takarda da ke tafiya a hankali, da wani siririn alƙalami da ke hawa da sauka a kanta. In ruwa ya ɗaga tulun can a teku alƙalamin ya hau, in ya sauke shi ya sauka. Washegarin zuwanmu da safe muka tarar alƙalamin na jan miƙaƙƙen layi. Tulun ya yi shiru. Farfesa ya ce wani abu ya kwance a jikin eriyar, guguwar kuma sai gobe za ta iso, don haka in ba a je an gyara yau ba, an yi asarar jiran da aka yi. Declan, ɗan Nora, yana da ƙaramin jirgin kamun kifi, ya yarda zai kai mutum ɗaya. Farfesa bayansa na ciwo, Helen ita ta san kan na'urar. Kowa ya juyo ya kalli Malam.

Na ja shi bayan ɗakin. Na tuna masa alkawarin ƙafar da ba za ta jiƙe ba, na tuna masa ko a kududdufi bai iya iyo ba. Ya nuna mini sama, rana ta fito tas, ba iska. Ya ce:

“Mita uku ne kawai, an faɗa a rediyo.” Ya miƙa hannu ya nuna ɗan sama da rufin ɗakin. “Iyakarsa nan. Jirgin ya fi haka. Kafin la'asar mun dawo.”

Na ce ban yarda ba, ina faɗa hawaye na zuba. Muna cikin haka Farfesa ya zagayo. Ya tsaya a gabana ya ce yana son ya ji daga bakina, in madam ba ta so, ba wanda zai je ko'ina. Ku da kuke matan Hausawa kun san abin da ya fito daga bakina. Na sunkuyar da kai na ce no problem. Me zan ce? In tsaya gaban malamin mijina in ce na hana? A gida in babba ya tambayi yarinya ta ce ba komai tana share ido da gefen mayafi, ai ya gama jin amsa, shi zai ce a'a, a bari. Baturen nan ya ce lovely, ya juya abinsa. Shi ban ga laifinsa sosai ba, bai san mu ba. Amma Malam na tsaye a wurin. Ya san abin da ba komai ɗina ke nufi sarai, kalma ɗaya zai faɗa wa mutumin. Sai ya ja zif ɗin rigar ruwansa.

A bakin gaɓa Nora ta wanke ɗanta tas a gaban jama'a, har da nuna shi da yatsa. Ya sumbaci goshinta ya shiga jirgi. Bai fasa ba, amma wallahi na yi sha'awar bakinta.

Na koma ɗakin na zauna kusa da Helen. Bayan azahar alƙalamin ya yi tsalle ya fara hawa da sauka, Helen ta tashi tana rawa, sun gyara. Ta nuna mini layukan takardar, ta ce daga wannan layi zuwa wancan mita ɗaya ne. Ni dai na gama sakandare, ƙirga layi ba zai gagare ni ba. Na zuba ido. Uku. Uku. Biyu da wani abu. Sai ga huɗu. Can sai ga biyar. Na ce mata na'urar nan ba ta gyaru ba, ai mita uku aka ce. Ta yi dariya ta ce lafiyarta ƙalau. Wai lambar da ake faɗa a rediyo ba tsawon igiyar da ta fi kowacce ba ce. A aikinsu manyan igiyoyin ake warewa, kashi ɗaya cikin uku, a haɗa a raba, abin da ya fito shi ake faɗa. A cikinsu kuwa ɗaya na iya zuwa ta kusa ninka wannan lambar. Ta ƙara da cewa igiyoyin guguwa mai nisa sukan riga iskar isowa, sama na nan garau su kuma sun zo.

Na ce, “Malam ya san wannan?”

Ta ce, “Shi yake koya wa sababbin ɗalibai.”

Ban san me fuskata ta nuna ba, amma ta daina dariya. Ashe da ya miƙa hannu ya nuna mini rufin ɗaki, ya san akwai wani rufin a kan wancan da bai nuna ba.

Muryar Declan ta shigo ta oba-oba, ya ce sun gama, yanzu suka juyo. Ban kai ga cewa alhamdu lillahi ba sai na ga alƙalamin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa fiye da yadda ya taɓa yi, sannan ya kama hawa. Ya wuce duk inda ya taɓa kaiwa bai tsaya ba. Tsakanin ƙasan da saman na ƙirga layi shida, ya kusa taɓa na bakwai. Helen ta ƙwala wa Farfesa kira, ya shigo da bayan nasa mai ciwo a guje, suka riƙe hannun juna suna murna, yana cewa abin da suke jira ke nan tun da aka ɗaure tulun. Na bar su suka gama. Sannan na tambaya, da Turancina na sakandare, ina jirgin yake a lokacin da wannan abin ya wuce?

Suka kalli juna. Farfesa ya ɗauki oba-oba ya kira, ya sake kira, ba abin da ke fitowa sai shuuu. Mutane biyu masu digiri, sai da ni na tuna musu akwai bil'adama a cikin ruwan da suke tafa wa.

Na fita ban ko ɗauki rigar sanyi ba. Nora na tsaye a kan katangar da jirage ke tsayawa, da carbinta mai gicciye, na tsaya kusa da ita da nawa carbin. Mutanen ƙauyen suka yi ta fitowa ɗaya-ɗaya, wasu maza na shirya jirgin ceto. Duk igiyar da ta doki katangar sai na ji ta a tafin ƙafata. Ni abin da ke yawo a kaina, me zan ce wa mahaifiyarsa a Gumel? In ce an tambaye ni na ce ba komai? Yaya ake sallar gawar da babu gawa? A flat ɗin Thamesmead zan yi takaba, ni kaɗai, aure ko shekara biyu bai yi ba? Nora ta kamo hannuna ta cusa cikin rigarta, ta ci gaba da jan carbi da ɗaya hannun.

Gab da magariba wani ya nuna da yatsa. Jirgin ne, yana ɓacewa yana ɓullowa. Da ya matso muka ga gilashin gabansa babu, eriyarsa babu. Declan ya fito da ƙafarsa, uwarsa ta kwaɗa masa mari sannan ta rungume shi. Malam kuwa ɗauko shi aka yi, jini ya rufe masa rabin fuska, hannu ɗaya na lilo. Na kutsa cikin maza na durƙusa a kansa, kunyar ma na manta da ita. Ya buɗe ido. Ya kalli bayana inda Helen take, ya tambaye ta da Turanci ko na'urar ta ɗauka.

Wannan ita ce maganar farko da mijina ya yi bayan Allah ya dawo mini da shi.

Aka kai shi asibiti aka ɗinke goshin aka ɗaure hannun. Guguwar kanta washegari ta iso, ta kwashe rufin wasu gidaje, aka yi cancel ɗin jiragen fito, muka ƙara kwanaki. Ban leƙa ko taga ba. Farfesa ya zo duba shi da furanni, ya ga na ƙi kallonsa, ya ce cikin sanyin murya ai ya tambaye ni. A nan bakina ya buɗe. Na gaya masa a wurinmu mace ba ta ce wa malamin mijinta a'a, fuskarta ake dubawa, kuma ga wanda ya san haka nan kwance. Tsohon ya yi ja har kunne. Ya tambayi Malam ko gaskiya ne, Malam ya kama kallon bango. Farfesa ya ba ni haƙuri, na ga har ransa yake yi.

Dawowa ba abin da zan faɗa, na rufe ido tun daga hawa jirgin har sauka. Amma muna isowa London mazajenku suka cika mana falo, ana ta jarumi, jarumi, ana miƙa hoton takardar nan daga hannu zuwa hannu, kowa na ɗora yatsa a kan dogon layin yana jinjina kai. Ni ina kicin ina dafa musu shayi. A cikin hirar na ji yana gaya musu in hunturu ya shiga za su matsar da tulun can ciki inda ruwa ya fi tashi, kuma da shi za a je.

Da suka watse ban yi masa faɗa ba. Washegari na hau bas zuwa kasuwar Woolwich na sayo dogon takalmin roba da rigar ruwa daidai ni, na ajiye a bakin ƙofa. Ya dawo ya yi tuntuɓe da su ya tambaya na wane ne.

Na ce, “Nawa ne. In ruwan ya yi maka shiga, ni ma ya yi mini. Wannan karon kuma da bakina zan gaya wa Farfesa.”

Ya yi dariya ya ce ke da kika yi amai a jirgi mai darduma. Na ce zan sake yi, a kansa ma in ta kama. Ya ce wasa nake. Na ce ya gwada. Tsoro kam ina ji, har yanzu in na rufe ido alƙalamin nan nake gani yana hawa. Amma gara ruwan ya same mu tare, a kan in sake zama a ɗaki ina ƙirga layi.

Ya yi kwanaki yana tsallake takalman in zai fita, in ya dawo ya tsallake, ba ya ce ba na ce. Jiya da safe ina shanya a baranda na ji yana waya. Yana gaya wa Farfesa shi zai zauna wajen na'ura, su nemi wanda ya iya iyo ya shiga jirgin, kuma a jira ranar da ruwa ya kwanta. Ya ajiye wayar ya leƙo ya ce, “Kin ji?” Na ce na ji. Ya ce to a kwashe kayan nan daga hanya kafin ya karya ɗaya hannun.

Na matsar da su gefe kaɗan. Sai hunturu ya fita zan ɗauke su.